Jatau da Tukunyar Tabawa

Duk wanda ya taɓa zama a unguwarmu ta maƙera, nan gefen Gwaram, ya san ƙa'idar: in tukunya ta suɓuce ta fashe, kafin mai ita ta gama salati Jatau ya yi sallama. Har ya koma ga Allah ban gano da wane kunne yake ji ba. Mutumin da za ka tsaya a kansa kana roƙo ya kama maka aiki, ya ce maka kunnensa ya yi nauyi. Amma tukunya ta fashe a can bayan gari, sai ga shi da taiki a kafaɗa, yana haki, baki har kunne.

Tun da kun ce in ba ku labarinsa, to, kun zo wurin da ya dace. Abokin wasana ne, uwata da ubansa ciki ɗaya. Shi yake dafa tama ya fitar da ƙarfe, ni nake karɓa in mai da shi fartanya da garma. Tun muna yara muke zagin juna, kuma ban ga dalilin da zai sa in daina don ya riga ni kwanciya ba.

Wasunku suna nan ranar sunan jikan mai unguwa. Zaure ya cika maƙil da baƙi, har da mutanen garin Sara, ana jiran abinci. Ladingo, matar gidan, ta ɗauko tukunyar miyar taushe, ƙafarta ta goce, tukunya ta tarwatse a tsakar gida. Mata suka ɗauki salati. Can sai muka ji murya daga bakin ƙofar shiga cikin gida.

"Salamu alaikum! Barka da arziki! Ta tuwo ce ko ta miya?"

Ladingo ta fito da muciya a hannu, idonta jajur. "Arzikin wa, Jatau? Baƙi cike da zaure, miya a ƙasa, kai kana yi mini barka?"

"Miya dai ta riga ta tafi, Ladingo, yau kaji ne da sa'a. Gindin tukunyar nake so, kada yaran nan su tattake mini."

Kai, ranar ya sha muciya! Ya fito rigarsa duk kabewa, ƙeyarsa ta yi ƙulu, ya zauna kusa da ni ya buɗe bakin taikin a hankali. "Ta same ni da kyau," in ji shi, "amma don Allah, Mamman, dubi kauri."

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba a cikinku, bari in faɗi abin da yake yi da fasassun tukwanen nan, kada ku ɗauka taɓin hankali ne zalla. Murhun dafa tama gini ne kamar ɗan rumbu, tsayin mutum. A cika shi da gawayin ƙirya da dutsen tama, a yi ta zuga har dutse ya saki ƙarfensa. Wutar cikinsa ba irin ta girki ba ce. In ka gina shi da ƙasar gini ta kowa da kowa, kafin rana ta take ya tsage, zafi ya fice, tama ta zauna ɗanya, wahalar rani guda ta tafi a banza. Shi Jatau riga biyu yake yi wa murhunsa. Ta ciki, mai fuskantar wuta, ƙasar suri ce da gara ta riga ta tace, a kwaɓa ta da garin tsingaro, wato fasasshiyar tukunya da aka daka lilis. Ta waje kuma laka ce da ƙaiƙayi da kashin jaki, ita ce bargon da ke riƙe zafi kada ya tsere. Sai kuma bututun yumɓu da iskar zuga-zugi ke bi ta shiga. Bakinsa a tsakiyar wuta yake zama, shi ke fara narkewa, kuma da zarar ya narke ya toshe, aiki ya tsaya ko tama ta nuna ko ba ta nuna ba.

"Ƙasar da ta sha wuta," haka yake cewa, "wuta ba ta da sauran labarin da za ta ba ta." Na ji maganar nan har ta zame mini ciwon kai. In kuwa kana son ka ga ɓacin ransa, kawo masa fasasshen tulu. "Me zan yi da wannan? Sau ɗaya ya ga wuta, ranar da aka gasa shi. Daga nan sai kwanciya a inuwa yana shan ruwa. Kai shi can ka toshe ramin ɓera."

Burinsa a duniya guda ɗaya ne: ya yi bututun da zai shiga wuta ya fito da bakinsa lafiya. Kuma ya rantse ya san tsingaron da zai yi masa wannan aiki. Matsalar kawai ita ce tsingaron bai zama tsingaro ba tukuna. Yana nan a kan murhun girkin gidansa, ana tuƙa tuwo a ciki safe da yamma.

Tukunyar tuwon matarsa Tabawa ce. Gadon kakarta, wata tsohuwar maginiya ta wajen Birnin Kudu ce ta gina ta tun ba a haife mu ba. Baƙa wuluk, mai kauri, in ka ƙwanƙwasa ta sai ta amsa maka kamar ƙarfe. Ita kanta Tabawa takan ce, "Ai ba ni ɗan'uwan naku ya gani ba. Tukunya ya hango a gidanmu ya aiko da goro." Shi kuma bai taɓa musantawa ba, sai dai ya ce duk biyun ya gani, kuma duk biyun masu taurin kai ne.

To me ya hana shi ɗaukar masaba ya huta? Kun san Jatau da riƙo. Mutumin da ƙwaryarsa ta sha ɗinki har ɗinkin ya fi ƙwaryar yawa. A wurinsa fasa lafiyayyar tukunya almubazzaranci ne, kuma ya ce ƙarfen da aka samo ta hanyar ɓarna ba ya noma. Don haka suka yi yarjejeniya a gabana.

"Ranar da ta fashe da kanta, taka ce," in ji Tabawa, "har da murfin."

"Da kanta," in ji Jatau, yana shafa gemu. "To, madalla. Amma ai ba laifi ba ne in an ɗan nuna mata hanya?"

Ni dai, in faɗa muku gaskiya, tun ranar na zaɓi ɓangare, kuma ɓangaren tukunya na zaɓa. Duk wanda ya taɓa cin tuwon dawar da ya fito daga cikinta ba zai zarge ni ba. Ƙanzon gindinta kaɗai ya isa a yi zumunci dominsa. Bututu kuwa ban taɓa jin wanda ya ci shi ya ƙoshi ba.

Wata safiya ina zaune a tsakar gidan, wai na zo gaisuwa, alhali ɗumame na zo ci. Tabawa ta wanke tukunyar ta ɗauko ta da hannu biyu za ta kai murhu. Jatau ya daka tsalle ya kurma ihu.

"Tabawa! Maciji! Ga shi nan a ƙafarki!"

Ni kaina sai da na hau turmi. Ita kuwa baiwar Allah ko gezau. Ta ƙarasa murhu, ta ɗora tukunyar a kan duwatsu, ta girgiza ta ta tabbatar ta zauna daram, ta goge hannu da zane, sannan ta waiwayo.

"Ina macijin, Malam?"

Ya koma ya zauna, ya ja tsaki. "Ya tafi. Ya gaji da jira."

Da maciji ya ƙi aiki sai ya koma ga jaki. Auraki ai kun san shi, jakin da ya fi kowane jaki gata a ƙasar nan. Ba a hawansa, ba a ɗora masa ko ƙwarya. Aikinsa ɗaya: ya ci ƙaiƙayin gero da dusa, ya juya baya ya ba da abin da ake haɗa rigar waje da shi. Jatau ya ce jakin da ya gaji kashinsa ba ya da laushi. Ranar kasuwar Gwaram sai ka gan su a hanya, Jatau ɗauke da dunƙulen ƙarfe a ka, gumi na tsiyaya, Auraki na biye da shi hannu rabbana yana kaɗa kunne. Wata rana wani dattijo mai shanu daga Maruta ya tsaya ya daɗe yana kallonsu.

"Malam, don Allah, tsakanin kai da shi wa ya sayi wani?"

"Kai ba za ka gane ba," in ji Jatau. "Wannan ma'aikaci ne. Yanzu haka da kake ganinsa aiki yake yi."

Wata bazara sai Jatau ya ce wai rana ta yi wa Auraki yawa a turkensa, ya cire turken ya kafa shi dab da murhun girki, inda Tabawa ke ajiye tukunyarta ta sha iska. Lissafinsa, ƙuda zai ciji jaki, jaki zai yi harbi, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya zauna yana jira, yana ma tausaya wa tukunyar tun kafin lokaci. Abin da bai sani ba, Tabawa ta fara jiƙa ƙanzo tana ba jakin a bakin tukunyar. Kafin mako ya zagayo Auraki ya gane inda arzikinsa yake. Akuya ta matso, ya kore ta. Kaji suka matso, ya kore su. Ranar da Jatau da kansa ya raɓa wurin, wai zai gyara igiya, jakin ya juya ya ba shi ƙafa biyu a cinya. Na zo duba shi na same shi kwance, Tabawa na gasa masa wurin da ruwan zafi, ruwan kuma a cikin tukunyar aka dafa shi.

"Mamman," in ji shi, "ka taɓa ganin butulci irin wannan? Ni nake ɗaukar masa kaya!"

"Ai ka ce ma'aikaci ne," na ce. "Ya sami inda aka fi biya."

Ya ce in fita masa daga gida. Na fita, bayan na ci tuwo.

Akwai shekarar da mahara suka rufe hanyar kudu, fatake ba su kawo ƙarfe ba, kowa ya zuba wa murhun Jatau ido. A shekarar bututu ya narke masa tun aiki bai yi nisa ba, sai da ya sake sabon gini, ga damina na matsowa. Ya ƙwallafa rai a kan tukunyar nan har ya rame. Ya yi wa Tabawa tayin sababbin tukwane, ta ce sabuwar tukunya tuwonta ƙasa-ƙasa yake yi. Ya aike ni in roƙa masa, na je na ce mata kada ta yarda. Da ya rasa yadda zai yi sai ya ja ni muka tafi wurin liman bayan azahar.

"Allah gafarta Malam, tambaya ce da ni. Ya halatta mutum ya roƙi Allah tukunya ta fashe?"

Liman ya dube shi, ya dube ni. "Jatau, mutum alheri yake roƙa."

"To ai alherin ke nan, Malam. Fartanyar gari guda ce a cikin tukunyar nan."

"Haka ne," in ji liman. "Sai dai ita ma mai tukunyar ta aiko jiya, tana tambaya ko ya halatta a roƙi Allah ya tsare ta. Kuma ta haɗo da malmala uku na sadaka, da miyar kuka. Kai me ka kawo?"

Jatau ya laluba aljihun rigarsa, ya laluba ɗayan. Abin da ya fito da shi ɓallin tsingaro ne. Liman ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce mu tashi mu ba shi wuri. A hanya Jatau ya ce mini bai taɓa sanin har wajen addu'a ana riga mutum ba. Ƙarfe dai ya fito a gini na biyu, da tsingaron tukunyar wasu, aka yi noma lafiya. Amma bakin bututun ya narke daga ƙarshe kamar kullum, ya kuma ɗauko shi ya kawo gida ya ajiye wa Tabawa a ƙofar ɗaki don ta gani.

Haka suka tsufa su ukun, shi da ita da tukunya. Haƙoransa suka zube, bayanta ya ranƙwafa, tukunya ko tsaga.

Da kakar bara ciwo ya kwantar da shi. Ranar da abin ya yi tsanani, bayan la'asar, ina zaune a kansa, ɗansa Tanko na riƙe da hannunsa. Idonsa a rufe. Can a tsakar gida wani abu ya faɗi ya fashe. Wallahi sai mutumin nan ya buɗe ido tar.

"Ita ce?"

Tabawa ta leƙo daga bakin ƙofa. "Tulu ne, Malam. Kwanta."

"Tulu," in ji shi, ya taɓe baki. Ya mai da ido ya rufe, yana ɗan murmushi. Kafin rana ta faɗi ya yi kalmar shahada ya cika.

Tabawa ta fita takaba daidai lokacin da Tanko ya fara haɗa ƙasar murhunsa na farko ba tare da ubansa ba. Hankalinsa a tashe yake, don mutane sun fara cewa a bakin kasuwa wai sana'ar ta bi mai ita. Ina wurin da hantsi ina taya shi duba kwaɓi, sai ga tsohuwa tafe, tukunya a ka. Ta sauke ta a gabana.

"Mamman, ɗauko masabarka. A daka ta a yi wa Tanko bututu. Ɗan'uwan naka ya jira da yawa."

Na ce, "Haba Yaya Tabawa, tuwon fa?"

"Kai dai cikinka. Fasa, na ce."

Na ɗauko masaba, raina ba ya so. Na kifa tukunyar don in buga ta a gindi, sai na tsaya. A duk shekarun nan cikinta kawai na sani, ban taɓa kallon bayanta ba. Gindin an shafe shi da wata laka mai kauri, shafi a kan shafi, wuta ta gasa su sun zama jiki ɗaya. Na ƙanƙara da farce, sai ga ƙasar suri da garin tsingaro. Ko a mafarki na san wannan haɗi.

"Yaya, wannan ai kwaɓin Jatau ne. Na rigar ciki."

Ta zauna a kan kututture ta gyara mayafi. "To da me kake tsammani ta kai yau? Tun Tanko yana goye ta fara tsagewa a gindi. Na je ramin kwaɓinsa da rana tsaka yana masallaci, na yago curi guda na shafe ta. Ta kama, ta fi da ƙarfi. Tun daga nan duk rani sai na sake mata."

Tanko ya saki baki. "Inna, Baba ya sani?"

"Ubanka? Mutumin da in ɓera ya ɗauki ƙwayar gero a rumbu sai ya gane? A shekarar farko ya yi ta masifa, ya ce akwai ɓarawon laka a unguwar nan, har ya so ya kai ƙara. Da rani ya zagayo na fito da safe, sai na ga curi guda a kan katangar madafa, an lulluɓe shi da ɗanyen ganye don kada ya bushe. Daidai wanda zai ishe ni. Haka duk shekara. Bai taɓa cewa komai ba, ni ma ban taɓa cewa ba. Da yamma kuma ya dawo ya ci gaba da yi mata fatan fashewa."

Na ce, "Ashe tsohon banzan nan bai so ta fashe ba!"

"Ya so mana," in ji ta. "Ya so ƙwarai." Ta dubi tukunyar. "Bana dai na duba kan katangar ban ga komai ba. Kullum da safe sai na duba. Shi ya sa na ce gara a kawo ta inda za ta yi amfani."

Ni da nake taƙamar ban yi kuka ba ko a bakin kabari, sai ga hawaye na bin gemuna. Na yi kewar mutumin nan a lokacin fiye da ranar da muka binne shi. Masaba na hannuna, na rasa inda zan sa ta.

Tanko ya tashi ya je ramin kwaɓinsa, ya yago curi guda, ya tsinko ganye ya lulluɓe shi, ya zo ya durƙusa ya ajiye a gaban uwarsa.

"Inna, koma da ita gida. Bututu zan yi shi da abin da Baba ya saba yi."

Na jefar da masabar can nesa tun kafin wani ya sake shawara. Tabawa ta buɗe ganyen, ta latsa lakar da yatsa, ta murza, ta share ido da gefen mayafi.

"Ruwa ya yi yawa," in ji ta. "Ƙara garin tsingaro. In ka gina da wannan, ubanka zai ji kunya." Ta naɗe gammo, muka ɗora mata tukunyar, ta ɗauki curinta ta tafi. Tanko ya ƙara tsingaron, murhu ya riƙe, ƙarfe ya fito. Da yamma na bi ta gidan in ga ko ta isa lafiya, na tarar ana kwashe tuwo.

Allah ya jiƙan Jatau, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Ya sha zafin wuta a duniya don mutane su sami abin noma, ya Allah kada ka nuna masa wata a can. Allah ya ba Tabawa haƙuri da tsawon rai, ya sa wa hannun Tanko albarka. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.